Jan Zare, Ƙulli Biyu

Sallama gare ku, masu bin labarin nan a waya. Wanda ya amsa, Allah ya ba shi lada. Wanda bai amsa ba, shi ya sani.

Ga sababbin zuwa, ni ce Delu. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba. Mai taɓa min wayar nan Malama Monica ce, maƙwabciyata a Mabera, tsohuwar malamar firamare da ta zo Sakkwato da ƙuruciyarta ta tsufa a cikinmu. Ni ke magana, ita ke rubutawa. In kun ga Hausar ta rabu biyu, bakina ne da hannunta. Na dai gargaɗe ta kada ta zuba wa maganata sukari.

Wata a cikinku ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce wai, "Inna, ki yi haƙuri ki bar wa Allah." Ɗiyata, shekara arba'in ina bar wa Allah. Allah bai ce kada in buɗe baki ba.

Ran Litinin bayan azahar ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara. Wayar nan tana iya kwana huɗu ba ta yi tari ba, shi ya sa har na zabura. Na miƙa wa Malama ta kan katanga.

Ta ce, "Saƙon murya ne. Baƙuwar lamba."

"Danna mu ji. In masu cewa na ci mota ne, ki ce su kawo ta ƙofar gida."

Ta danna. Sai muryar da ko a kabari zan gane ta, ta tsufa, tana fita da iska saboda rashin haƙora.

"Salamu alaikum. Delu, Alhaji Mode ne. Wato... ƙanena ba ya da lafiya, kin dai ji. To, kayan wasan nan nasa ne, wani mutum zai zo daga Legas ya gani. Shina tambayar mi zaren nan da ke jikinsu ke nuhi. An ce ke kinka ɗaura. Ki zo ki warware muna. Abin da ya wuce ya wuce."

Abin da ya wuce ya wuce! Kun ji fa. Wanda ya taka ka ne kullum yake saurin mantawa.

Malama ta dube ni ta saman tabarau. "In share?"

Na ce, "Sake kunnawa. Ina son in ji Mode yana roƙo sau biyu."

Bari in koma da ku baya, don ku san ko wane ne wanga mutum.

Shekarar da na fara ganin Sodangi, soja ke mulki, kuɗin fetur kuma yana yawo a gari kamar ba zai ƙare ba. Yau na kama sunansa. Da ina matarsa ban taɓa ba, sai dai in ce Malam. Yanzu kuwa babu igiyar da ta hana ni. Shagonsa na gyaran rediyo da talabijin yana jikin rumfar kawuna mai sayar da huluna. Ni nake ɗinka hulunan, ni nake kai su ran kasuwa. Wata rana na leƙa na ga wani ɗan farin ɗigo yana kai da komowa a cikin talabijin, babu mai labarai, babu mai kiɗa. Na tsaya baki buɗe.

"Ƙuda zai shiga," in ji shi.

Na juya. Dogo ne, baƙi, gashi ya yi tozo, wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, sukundireba a bayan kunne.

Na ce, "Mi ne ne wanga?"

"Gem. Riƙe nan." Ya miƙo min wani abu mai ɗan murfi da ake murzawa. "Ki tare ƙwallon kada ta wuce ki."

Na tare. Na sake tarewa. Hannun da ya saba da allura ba ya rawa. Kafin kawu ya ƙwala min kira na cinye shi sau uku a jere, yaran shago suna ihu.

Ya share zufa ya ce, "Wagga yarinya, in ban aure ki ba, garin nan zai ji kin cinye ni. Gara abin ya tsaya cikin gida."

Haka anka yi. Wansa Mode ne ya tsaya a kan komai, don shi ne mai hannu da shuni a gidan. Ɗan kwangila ne, ga farar Fijo sabuwa, ga babbar riga mai aiki har cibiya, ga biro uku a aljihun gaba, kullum ɗaya na bakinsa yana tauna marfin kamar goro. Yana da wushirya mai faɗi, har ana yi masa kirari da ita. Shi ya buɗe wa Sodangi shago, shi ya yi masa lefe, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ran da anka kai ni gidansu a Gidan Dare ya dube ni ya ce wa uwarsu, "Hajiya, ga 'yan makaranta cike da gari, ya je ya ɗauko mai hula."

A zamanin nan duk ma'aikacin da anka tura kwas ƙasar waje, sai ya dawo wa 'ya'yansa da na'urar gem, irin wadda ake cusa wa kaset a ka. Alhazai ma suna shigo da su daga Jidda. To rabinsu in sun iso ba sa yi. Wata hoton ya riƙa birgima kamar ana naɗe tabarma. Wata ta fito babu kala. Wata kaset ɗin da anka sayo mata ya ƙi shiga bakinta sam. Sai a kwaso a kawo wa Sodangi. Mijin Malama Monica, marigayi Habila, shi ya fara kawo tasa daga Amurka, ta nan munka san juna da ita. Wanda ya gaji da jira ya ce, "Riƙe ta kawai, ka gyara min rediyon mota a madadi." Sodangi kuwa ko mataccen batir ba ya yarwa. Kafin shekara huɗu ya tara goma sha bakwai a wani ɗaki kusa da namu, kaset kuwa ya fi cikin kwando biyu.

Shi yana shago tun safe. Ni ke gida. Haihuwa ba ta zo ba, Hajiya ba ta sakar min fuska, ɗakin nan ya zama abokin hirata.

Rubutun jikinsu ban iya karantawa ba, amma ina da ido, ina da hannu. Na lura iri uku ne manya. Akwai mai goshin katako da maɓallai a jere kamar haƙoran tsoho. Akwai mai hannuwa kamar kan tarho, masu igiya a murɗe. Akwai mai allon haruffa a ƙirji, ita kaset ɗinta har mariƙi gare shi kamar ƙaramin akwati. Kowace da bakinta, ba ta cin abincin wata. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, ko a cikin iri ɗaya akwai 'yan Amurka, akwai 'yan Ingila. Ka ɗauki kaset ɗin Amurka ka sa wa 'yar Ingila, zai shiga lafiya lau, amma ciyawa ta koma ruwan goro, sama ta koma kalar hanta, wani lokaci hoton ya yi ta tsalle. 'Yan Amurka sai da wata ƙaramar talabijin da Habila ya bar mana suke nuna fuskarsu ta gaskiya. Uwa uba, wutarsu ƙarama ce. Ba a kai su bango kai tsaye, sai an bi da su ta wani baƙin taransifoma mai nauyin dutsen niƙa. In ka kuskura, shi ke nan.

Sodangi yana rubuta nasa a takarda, takardar ta ɓace, ya sake wata. Ni kuwa na ɗauko zaren hula. Ja na Amurka, kore na Ingila, rawaya na Jidda, waɗanda sai an gwada don ba su da alƙibla. Ƙulli ɗaya mai goshin katako, biyu mai tarho, uku mai haruffa. Kowane kaset na ɗaura masa nasa a ƙugu. Kowace na'ura na ɗaura mata a wuya. 'Yan Amurka kuwa, fulogin su yana da ƙafa biyu masu faɗi da 'yar huda a kowace, sai na zura jan zare ta cikin hudojin na ƙulle tam, yadda ba mai iya cusa shi ko'ina sai ya kwance. Wata bakwai ina wannan aiki, ɗaya bayan ɗaya.

Ran da ya gane abin da na yi, ya zauna a ƙasa yana juya kaset a hannu. Ya ce, "Delu, Turawan da sunka ƙera su ma ba su yi wanga tunani ba."

Na ce, "Ai su ba su da kishiyar ƙasa a ɗaki ɗaya."

Daga ranar, in mutum ya kawo tasa shago, sai ya ce masa, "Bari in kai wa injiniya ta duba." Mutane suna zaton wani Bature ne a GRA. In ya dawo da la'asar, kafin ya ci tuwo, sai mun zauna a tabarma mun buga na motocin yaƙi biyu masu laɓe wa juna a bayan katanga. Koren zare, ƙulli ɗaya. Wasan mutum biyu ne, mutum ɗaya ba ya yin sa. Yana cewa ina yi masa maguɗi. Ina cewa hannunsa ne kamar na mai kirɓa fura. Hajiya tana jiyo dariyarmu tana tsaki.

Ku ce min ba so ba ne wannan. Ku ce.

Sai soja sunka dawo. Lokacin layi, lokacin bulala a bakin titi. Wani hafsa, ba zan faɗi sunansa ba don ya riga mu gidan gaskiya, ya aiko da na'urar 'ya'yansa sabuwa dal a kwalinta, mai tarho, 'yar Amurka, wai a nemo yadda za ta yi da talabijin ɗinsa. Sodangi ya ji tsoron barin ta a shago, ya kawo gida. Da hannuna na zura mata jan zare a fulogi, na yi ƙulli biyu.

Ranar Laraba ce, rana tsaka, ina madafi ina suyar kifi. Mode ya shigo da abokansa biyu 'yan kwangila, suna ƙamshin turare.

"Ke, kawo makullin ɗakin wasan nan. Zan nuna wa baƙi."

Na durƙusa na miƙa masa. Na ce, "Yaya, don Allah mai jan zaren da ke cikin kwali kada a kai ta bango. Ta soja ce."

Ya cire biro daga baki ya dubi abokansa. "Kun ji? Ni da na ja wa rukunin gidaje arba'in wayar wuta, mai hula za ta koya min lantarki."

Sunka yi dariya. Na koma kan kifina. Ban juya shi sau biyu ba na ji fau! Sai wani wari kamar an ƙona gashi da roba. Abokan sunka fito sumui-sumui. Shi ya fito daga baya, ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihu, ko kallona bai yi ba. Kai tsaye shago ya nufa. Abin da ya faɗa wa ƙanensa a can da ya miƙa masa makullin, sai daga baya na ji: wai ya shigo ya tarar da ni ina wasa da kayan soja, hayaƙi na tashi.

Tun daga ranar ban sake taka ɗakin nan ba.

Washegari sojoji biyu sunka je shago. Sunka sa Sodangi tsallen kwaɗo daga bakin rumfar kawuna har bakin titi, kasuwa na kallo, sannan sunka jefa shi a mota. Kwana uku. Ya dawo an aske masa tozon gashin nan da kwalba, bayansa duk shatin bulala. Na dafa ruwa zan gasa masa, Hajiya ta fizge tawul ɗin daga hannuna.

"Kin ƙona kaya, kin ƙona min ɗa, saura mi?"

Na ce, "Hajiya, a kawo Alƙur'ani in dafa. Yaya Mode ne."

 Mode yana kan kujera yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Kun gani? Jahilci da rashin kunya. Ni na ciyo belinsa, ni zan biya soja kayansu, kuma ni ne ɓarawon."

Na juya wurin mijina. Na ce, "Malam, kai ka san zarena. Ka san hannuna. Ka buɗe baki."

Yana kwance rub da ciki a tabarma. Ya juya fuskarsa bango.

Na ba shi uzuri, wallahi na ba shi. Na ce mutumin da anka daka kwana uku ba ya da bakin gardama. Na ce bai gani da idonsa ba, wansa ya faɗa masa, wa zai ƙaryata wansa? Da wannan uzurin na rayu shekara arba'in, ku riƙe shi a ranku.

Bayan sati ya miƙo min takarda a ninke, bai haɗa ido da ni ba. Na sa mayafi na tafi har makarantar su Malama, na tsaya a bakin taga sai da anka tashi yara. Ta buɗe, ta karanta a zuci, ta ninke.

Na ce, "Karanta min da ƙarfi, Malama. Ba a sakin mutum a ɓoye masa."

Yanzu haka da take rubuta wannan ta cire tabarau tana goge ido. Rubuta, Malama, ba yau munka fara ba.

Da na je kwashe kayana, a kan tabarmar ɗakinmu na ga kaset ɗin motocin yaƙi, inda munka bar shi. Na tura shi cikin ƙullin zannuwana. Sata ce, na sani, ku rubuta min ita. Shekara arba'in yana ƙasan akwatina, kaset babu na'ura.

Sunan kuwa ya riga ni isa gidan kawu. Delu Ƙona-kaya. In na shiga gidan biki, sai a janye rediyo daga kusa da ni, ana dariya wai wasa ne. Wani mai shagon dawa ya fito neman aurena, 'yan uwansa sunka ce masa zai kwana a toka. Na yi wani auren na shekara biyu a Bodinga, ran da fitila ta faɗi ta kama labule, ba ni ma a ɗakin, mijin ya ce dama an gaya masa. Na dawo. Na yi ta ɗinkin hula har idona ya daina ganin ramin allura. Yau ɗaki ɗaya gare ni, da gado, da akwati, da buta. Yaran unguwar nan da ba su san mi anka ƙona ba, sun san sunan.

To shi ne Mode yake cewa abin da ya wuce ya wuce.

Ran Laraba na shirya. Na ɗauko atamfata mai ganyen kuka wadda nake ajiya don Sallah, na ɗaura kallabi, na sa kwalli, na yafa farin mayafi. Ban san dalili ba, na buɗe akwati na ɗauko kaset ɗin nan na sa a 'yar jakar da nake ratayawa a ƙarƙashin mayafi. Malama ta ce za ta raka ni. Munka hau Keke har Gidan Dare.

Gidan ya tsufa ya fi ni. Wata mata mai kamar shekara talatin da biyar ta tare mu a zaure, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Inna. Ni ce Hasana, ɗiyar Baba Sodangi. Ni ke jinyarsa tun da mahaifiyarmu ta rasu."

Goshinsa ne a fuskarta. Na kau da kai.

Mode yana tsakar gida a kujerar roba, rigar ta yi masa yawa, baki ya lotsa, Fijo ta zama tarihi. Ya ce, "A'a, Delu! Ba ki tsufa ba."

Na ce, "Kai ka tsufa. Ina makullin?"

Hasana ta buɗe ɗakin. Warin nan na tsohuwar roba da ƙura ya buge ni. Suna nan a jere a kan katakai, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Zarena yana jikinsu. Jan ya koɗe ya koma kalar ƙasa, koren ya yi fari-fari, amma ƙullin ko ɗaya bai kwance ba. Na shafa mai goshin katako kamar kan yaro.

Hasana ta ce, "Mutumin Legas ɗin ya ce sai ya ga kowace tana aiki da nata kaset kafin ya ɗauka, Inna. Da kuɗin za mu kai Baba asibitin ƙashi da jijiya. Mun kira masu gyara biyu, sun ce ba su taɓa ganin irinsu ba, suna tsoron kunnawa. Baba kuwa in an tambaye shi sai ya ce, a kira injiniya. Mun ɗauka ciwon ne. Sai Baba Alhaji ya ce ke ce."

Sai idona ya sauka a kan wani kwali a can ƙuryar sama. Na san shi.

"Sauko min da wancan."

"Baba ya hana a taɓa shi tun muna yara."

"Ni ba yarinyarsa ba ce. Sauko da shi."

Ta soja ce. Ashe da Mode ya biya su, sun bar masa gawar. Gefenta ya narke ya yi baƙi. Na jawo igiyar wutar, sai na ga babu fulogi a bakinta. An yanke shi, an feɗe wayoyin biyu, tagullar a murɗe. Kun san yadda maza masu ganin sun iya suke yi in fulogi ya ƙi shiga soket: a yanke kan, a tura wani abu a ramin sama don ƙofar ta buɗe, a cusa tsirarar waya.

A ƙasan kwalin akwai ƙullin farin hankici. Na kwance. Fulogin ne, jan zarena yana nan zure a hudojinsa, ƙulli biyu, ba a taɓa kwance shi ba. Kusa da shi, shuɗin marfin biro, bakinsa ya ɗan narke, gindinsa duk shatin tauna. Haƙori biyu, da fili mai faɗi a tsakaninsu.

Na fito tsakar gida da shi a tafin hannu. 

"Alhaji, ni da ban san alif ba, mi zan yi da biro?"

Ya leƙa. Ya ɗaga kai ya dubi Hasana, ya dubi Malama.

Na ce, "Haƙoran sun zube, amma ga sawunsu. Malama, ke kin san wushiryar Mode ko ba ki sani ba?"

Malama ta ce, "Duk Sakkwato ta san ta."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Haba Delu. Ƙuruciya ce. Kuma lokacin soja ne, in da na ce ni ne, kwangilata duk ta tafi, gidan nan kowa ya kwana da yunwa. Ke mace ce, ba abin da za su yi miki."

"Ba abin da za su yi min."

Hasana ta toshe baki da mayafi. "Baba Alhaji, kai ne? Mu da anka ce muna..." 

Na ɗauka in na ga wannan rana zan yi guɗa. Shekara arba'in ina tanadin guɗar nan. Amma tana isowa maƙogwarona sai ta tsaya, don wani abu ya faɗo min. Mode ba ya ajiye abin da zai tona shi. Wanda ya zaro marfin nan daga soket, ya tsinci fulogin a ƙasa, ya ƙulle su a hankici, mutum ɗaya ne a duniya, wanda ko mataccen batir ba ya yarwa. Kuma tun ranar Larabar ya gani, kafin soja, kafin bulala, kafin ya juya min fuska bango.

Uzurin nan da na ce ku riƙe min, ku yar da shi.

Na ce, "Ina yake?"

Ɗakinmu na da ne. Yana kwance a katifa, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, baki ya karkace, kai fari fat. Ya ga abin da ke hannuna kafin ya ga fuskata. Bai yi mamaki ba. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya.

"In... ji... niya," ya ce, da ƙyar.

"Kada ka kira ni da wanga suna. Ka sani?"

Ya ɗaga kai a hankali, ya sauke.

"Tun ranar?"

Ya sake ɗagawa.

"Ka ajiye shaida shekara arba'in a kwali, ni kuma ka bar ni a titi da suna. Wa kake ajiye wa? Mala'iku?"

Bakinsa ya yi ta motsi. Abin da na iya tsinta shi ne, "Yaya ne... shi ya yi min... komai."

"Ni kuma ban yi maka komai ba."

Na kama hannunsa mai rai, na buɗe shi, na danƙa masa marfin biron na rufe. Hannun ya yi sanyi, ya rame, amma shi ne dai.

Na ce, "Jibi Juma'a. In an sauko masallaci, a fito da kai zaure. A kira liman, a kira mai unguwa, a kira duk wanda ya rage a zuriyar kawuna. Wanka ya faɗi abin da ya faɗa yanzu, kai kuma ka faɗi naka da wanga karkataccen bakin, ko zai ɗauke ka har la'asar. Malama za ta ɗauka a waya, duniya ta ji. In kun yi, in zauna in haɗa muku kowace da nata, in kunna su ɗaya bayan ɗaya. In ba ku yi ba, ku kira mai tsohon ƙarfe ya auna."

Daga tsakar gida Mode ya ɗaga murya, "A gaban liman? Delu, ki ji tsoron Allah, ina da jikoki!"

Na ce, "Ni ba ni da su. Ka san dalili."

Na juya zan fita, sai na ga abin da ban lura da shi ba da na shigo. A gefen katifar, kan wani ɗan tebur, mai goshin katako ce guda ɗaya, an goge ta tas, koren zare a wuyanta, hannuwanta biyu a ajiye gefe da gefe. Bakinta a buɗe, babu kaset.

Hasana ta ce a hankali daga bakin ƙofa, "Ita bai yarda a sa ta cikin na sayarwa ba. Kullum sai na goge masa ita."

Ya bi idona da kallo. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa.

"Na... motocin... yana... wurinki?"

Jakar tana ƙarƙashin mayafina, kusurwar kaset ɗin tana tokare min haƙarƙari. Malama ta sani, don a gabanta na sa shi. Ta dube ni, na dube ta.

Na ce, "Na jefar tun tuni."

Na fito. Har munka iso Mabera hannuna yana kan jakar, ban sake ta ba. Yau Alhamis. Na wanke farin mayafina na shanya, kaset ɗin kuma ban mayar da shi akwati ba.